Hannun Ungozoma

Godiya ta tabbata ga wanda ya ɓoye ruwa a cikin girgije, ya ɓoye ɗa a cikin uwa, ya ɓoye launi a cikin dutse, sa'an nan ya bar wauta a fili, kowa ya ɗibi iya cikin hannunsa. Ni ce Marka 'yar Tanimu majemi, ungozomar Kwarin Ɗinya. Na ɗibi nawa rabon da hannu biyu, ga kuma yadda aka yi na dawo gida da su duka biyun.

Na daɗe ina karɓar haihuwa. Rabin mutanen garinmu ni na fara ganin fuskarsu, wasunsu har yau ban ga ta gyaru ba. Ladan aikin kuwa sananne ne: ƙwaryar gero, guntun sabulu, da hannun rago ranar suna, wanda muke kira hannun ungozoma. In maigida marowaci ne, hannun nan yakan rame a hanya kafin ya iso gare ni, daga kafaɗa ya koma ƙwauri, daga ƙwauri ya koma kofato.

Ranar wani suna irin wannan, an miƙo mini kofatona a ƙunshe cikin ganye, sai na ji wani baƙo a bakin zaure yana tsaki. Falke ne mai suna Bagudu. Ya ce shi dai ya ga wulakanci a duniya, amma bai taɓa ganin irin wanda ake yi wa ungozoma a ƙasarmu ba. Ya ce a bayan tuddan gishiri akwai wata ƙasa, Zarmandu, inda sarakuna ke miƙewa tsaye in ungozoma ta shigo.

"Hannun ungozoma kuwa, Iya, a faifan zinariya ake ɗaukarsa, makaɗa gaba, makaɗa baya."

Na tambaye shi ko hannun yana da girma. Ya dubi damtsena, ya ce gwargwadon ungozomar ne. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don ni ba siririya ba ce. Ya kwatanta mini hanya dalla-dalla, ya ce da ya raka ni, amma yana da fatauci a wani gefen. Kafin damina ta faɗi na ɗaura wa jakina kaya: askata, zarena, da guntun kaskon da nake gasa wa jarirai cibiya da shi.

Na yi ta tafiya har tuwon mutane ya sake, ɗinkin rigarsu ya sake, gaisuwarsu ta gajarce. Harshe kaɗai ya rage irin namu, shi ma ashe ba duka ba.

Gari na ƙarshe kafin Zarmandu shi ne Birnin Falle. A can akwai wani dutse mai ɓarewa falle-falle kamar littafi, kowane falle garai yake kamar ruwan rijiya. Malaman garin sun haƙiƙance duk ilimin duniya a rubuce yake a ciki, sai dai jahili ba ya ganin tawadar. Dokarsu ita ce baƙo ba ya wucewa sai ya karanta falle ɗaya. Wanda ya ce bai ga komai ba, sai a zaunar da shi ya yi ta ɓara har ya gani. Na ga mutane a gindin ganuwa da furfura ta cim musu suna ɓara. Mai tsaron ƙofa ya miƙo mini nawa fallen, na ɗaga shi daidai idona, ban ga komai ta cikinsa ba sai fuskar mai tsaron ƙofar. Sai na karanta masa ita. Na ce ga labarin wani mutum mai faffaɗan rawani, da tawadar Allah a gefen hanci, wanda duniya ba ta san darajarsa ba tukuna. Ya share hawaye, ya ce dama ya daɗe yana zargin haka aka rubuta, 'yan'uwansa malamai ne suke karanta shi a karkace saboda hassada. Ya buɗe mini ƙofa, ya ƙara wa jakina da harawa.

Daga nan na ratsa wani fili da aka zubar da duwatsu baƙaƙe, dogaye kamar itacen da ya ƙone, sai ga babban dutsen Zarmandu a gabana. Baƙi ne wuluk, amma wata jijiya fara ta ratsa shi daga ƙoli har gindi. A cikin jijiyar nan komai ƙato ne: abin da a wani wuri ƙwayar yashi ce, a nan ya kai turmi. Mutanen ƙasar ba sa ce masa dutse. Gimbiya suke kiransa, kuma a wurinsu mace ce.

A ƙofar gari aka tambayi sana'ata, na faɗa. Ban rufe baki ba aka buga tambari. Aka sauke ni daga jaki, aka ɗora ni a kan doki, mata suka taru suka wanke hannuna na dama da ruwan turare, suka shafe shi da man kaɗanya, suka ƙunsa masa lalle, suka ɗora shi a kan matashi. Na hagun ko kallonsa ba wanda ya yi. Na ce a raina Bagudu ya rage ma, bai faɗa duka ba.

Aka sauke ni a wani gida kusa da bakin ramin haƙa, aka ce gidan ungozomai ne. Wata dattijuwa mai suna Tabawa ta shigo da ƙwaryar fura, ta miƙo mini da hannun hagu. Na dubi ƙwaryar, na dube ta. Ni da aka ɗauko a kan doki.

"Baiwar Allah, a garinku da hagu ake ba baƙo abinci?"

"A garinmu da dama ake bayarwa," in ji ta. "Damar tana gidan Jatau a rataye. In kina so sai ki je ta miƙa miki."

Ta yaye mayafinta, sai ga dungu. Na dubi tsakar gida, mata suna ta aikace-aikace, wannan tana shara, waccan tana tankaɗe, kowacce da hagu.

Tabawa ta ajiye furar a ƙasa, ta zauna, ta tambaye ni ko Bagudu ne ya turo ni. Na ce shi ne. Ta ce har da faifan zinariya da makaɗa? Na ce har da su.

"To bai yi miki ƙarya ko ɗaya ba, 'yar'uwa. Shi ne abin haushin."

Ga abin da ta gaya mini. Tsohon sarkin Zarmandu ya mutu ya bar 'ya'ya biyu, Jatau da Korau, kuma bisa al'adar ƙasar aka ɗaura wa dukansu aure da Gimbiya. Na nemi tsari da jin mace ɗaya da maza biyu, Tabawa ta ce in kwantar da hankalina, dutse ne, shari'a ba ta hau kansa ba. A cikin farar jijiyar nan akwai kogwanni ƙanana da suke kira ciki. A cikinsu ake samun wani dutse mai daraja, turmali, wani ja kamar jinin kaza, wani kore kamar sabon ganye. In Gimbiya ta haifi ja, ɗan Jatau ne, shi zai hau gadon sarauta har wata haihuwar. In ta haifi kore, na Korau ne. In baƙi ne, ɓari ke nan, a jefar da shi a filin da na ratso, a jira wani cikin. Wanda ya rasa kuwa ba shi da ikon zargin ɗan'uwansa, don yaƙi ke nan. Ba shi da ikon zargin Gimbiya, don saɓo ke nan. Sai laifin ya faɗa kan hannun da ya zaro ɗan. Ranar suna Sarkin Aska zai cire shi, a ɗora a faifan zinariya, a kai wa wanda ya rasa don ya yi dangana.

Na tambaye ta su wa ke karɓar haihuwar matan gari, tun da ungozomai duk na dutse ne. Ta ce in kiyayi bakina, mata ba sa haihuwa a Zarmandu, Gimbiya kaɗai ke haihuwa. Mata sauke kaya suke yi, kuma wanda ya ɗauki kaya shi ke saukewa. Ta ce 'yarta Yalwa ma ga ta can da nata kayan, ya kusa.

Na leƙa ƙofa, na ga dogarai. Na leƙa katanga, na ga dogarai. Na sha furar.

Kashegari aka kai ni gaisuwa. Tabawa ta gargaɗe ni a hanya: a gidan Korau ba a cewa Allah ya ja zamaninka, a gidan Jatau kuma ba a cewa Allah ya kore sharri. Wani baƙo ya taɓa haɗa su a baibai, har yau yana ɓara a Birnin Falle. Korau dogo ne mai sanyin murya, wanda ke kan gado a lokacin. Jatau gajere ne mai yawan gumi. Ba su yi kama ba ta ko'ina sai ta wuri ɗaya: duk wanda na gaisar a cikinsu, hannuna ya amsa wa. Jatau har ya nuna mini bangon zaurensa, ya ce in duba yawan haƙurin da ya yi a duniya. Na duba. Hannuwan ungozomai ne jere a rataye, na gane na Tabawa da zoben azurfa a ƙaramin yatsa.

Ba a daɗe ba mahaƙa suka aiko cewa naƙuda ta tashi. Suna da alamunsu, kamar yadda muke da namu. Farin dutsen yakan juya ya zama shunayya mai ɓarɓashi, baƙaƙen turmali da ke cikinsa su fara kore a baki, in kuma aka ƙwanƙwasa bango sai ya amsa kamar ganga. Da hantsi aka shigar da ni, Tabawa tana riƙe da fitila. Mahaƙa suka huda bango daidai bakin tulu, suka ajiye ƙarafansu, suka ja da baya, aka saki labule. Ko a Zarmandu maza ba sa tsayawa wurin haihuwa.

Na yi bisimilla na zura hannu har kafaɗa. Ciki cike yake da jar laka mai sanyi. Na fara zaro wasu duwatsu garai kamar ƙanƙara, da wasu masu launin hayaƙi, da wani mai gefe shida, shuɗi kamar sararin sama bayan ruwa. Shi kaɗai ya isa ya ciyar da ni har kabari. Tabawa ta ture shi da ƙafa, ta ce waɗannan 'yan rakiya ne, ba su da uba, in ci gaba.

Can ƙurya yatsuna suka taɓa shi. Kaurinsa kamar rake, tsawonsa ya fi taƙi, jikinsa da zane-zane a tsaye kamar kuɓewa. Na kewaye shi da yatsa ina sassauta lakar, kamar yadda nake yi wa ɗan da kafaɗarsa ta maƙale. Na ji ya ce ƙas, ya rabu da gindinsa, ya biyo hannuna. Muka wanke shi a ƙwarya. Kore ne shar, hasken fitila yana shiga cikinsa yana fita.

"Jatau ya samu na ratayawa," in ji Tabawa. Ba da mugunta ta faɗa ba.

Ni kuwa hannu ya riga ya saba. Duk ɗan da na karɓa sai na juya shi na duba cibiya. Na juya wannan, na dubi wurin da ya karye. Bakin kore ne, sai wani siririn zobe fari, tsakiyar kuwa ja wur, sak kankana da aka yanka. Tabawa ta kawo fitila kusa, ta daɗe tana kallo. Ta ce tun da ta zo ƙasar ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma in ban yi hankali ba wannan karon faifai biyu za a fito da su.

Na naɗe shi a zane, na fita na ce Gimbiya ta sauka lafiya, amma a ƙa'idar aikina uba ba ya ganin ɗa sai ranar suna. Na san maza. Kafin azahar Korau ya zo ta ƙofar gaba, wai wucewa yake yi. Na ɗaga masa zanen ta gefe, ya ga kore, ya lumshe ido. Bayan la'asar Jatau ya zo ta ƙofar baya yana gumi. Na ɗaga masa zanen ta ƙasa, na rufe bakin da yatsuna, ya ga ja. Kowannensu ya koma gida ya sa a nemo raguna, kowannensu kuma kafin ya tafi ya dubi hannuna da tausayin ɗan'uwansa.

Tabawa ta ce na sayi mako guda ne kawai. Na ce mako ma kwana ne.

A kwanakin nan tsoro ya hana ni zama. Mai tsoro kuwa abin da ya saba shi yake yi. Wata safiya na tsinci kaina na ɗora kaskona a kan garwashi, na ɗauko dutsen ina gasa masa cibiya. Tabawa ta ce haukan ya zo da wuri, ita sai da aka cire nata ta fara magana da tukwane. Na ji kunya, na ajiye shi a bakin murhu. Sai muka ga toka tana tashi daga murhun, ba iska ba komai, tana tafiya tana manne masa, har kansa da gindinsa suka yi furfura. Na goge, na sake ɗumama shi, ta sake tashi. Na ja baya ina karanta duk abin da na haddace. Tabawa ta kira sauran matan a asirce, ba wadda ta taɓa gani. Ina za su gani? 'Ya'yan Gimbiya a kan auduga ake kwantar da su, ba wanda ya taɓa kai ɗan sarki bakin murhu.

Ranar suna gari ya taru a gindin dutse. Korau da mutanensa a gefe guda cikin korayen riguna, Jatau da nasa a ɗaya gefen cikin jajaye. A tsakiya ga kaskon turaren wuta, ga kututture, ga faifan zinariya, ga Sarkin Aska yana wasa wuƙa. Faifan yana da kyau, gaskiya. Makaɗan ma suna nan, gaba da baya.

Na kwance zanen, na ɗaga ɗan sama. Korayen riguna suka ɗauki guɗa. Na juya gindinsa ga jama'a. Jajayen riguna suka ɗauki tasu. Sa'an nan ɓangarorin biyu suka dubi juna.

Korau ya ce ai ba wata magana, mutum da fatarsa ake saninsa, kowa ya ga fatar ɗan. Jatau ya ce fata riga ce, ko bawa yakan ari riga, zuciya ita ce mutum, kuma kowa ya ga zuciyar. Korau ya ce wa ya taɓa gane ɗansa ta hanyar leƙa gindinsa. Jatau ya ce wanda aka saba yi wa aron riga. Fadawa suka shiga, malamai suka shiga, rana ta take. Sarkin Aska, wanda ke samun saniya a kan kowane hannu, ya gaji ya tambaya wane gida za a kai faifan.

Ban jira an kama ni ba. Na tafi da ƙafata na durƙusa, na shimfiɗa hannuna a kan kututturen.

"Ranku ya daɗe, ga hannu. Wanda ɗan nan ba nasa ba ne, ya yi magana a kai masa."

Can Korau ya gyara murya, ya ce a cire a kai wa ƙaninsa, a gaya masa yana taya shi haƙuri. Jatau ya miƙe tsaye.

"Ni da aka haifa wa ɗa yau, me zan yi da hannu? Duk wanda ya doshi ƙofata da faifan nan, nasa zan ɗora a kai."

Korau ya ce haka ma tasa ƙofar. Mai ɗaukar faifai ya yi taku biyu wajen jajaye, ya dawo, ya yi taku biyu wajen koraye, ya dawo, makaɗa suna binsa. Na fara jin yatsuna sun dawo nawa.

Amma Sarkin Aska ba yaro ba ne, kuma ya riga ya yi wa saniyar turke. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce abin mai sauƙi ne, ai ba a yi askin suna ba tukuna. A ba shi ɗan ya goga a kan dutsen wasa wuƙa. In koren ya fita ja ya bayyana, riga ce, ɗan na Jatau ne. In an goga an goga kore bai ƙare ba, na Korau ne. Ko ta yaya dai yau faifai zai san gidansa. Jatau ya amince nan take. Korau ya dubi jama'a, ya ga ba halin ƙi, ya amince.

Na ce to, amma ba a sa wa jariri aska da sanyi a jikinsa, sai in ana so ya kamu da ciwon da ba ya jin magani. Aka ba ni izini. Na riƙe shi a kan garwashin turaren wuta ina jujjuyawa, ina yi masa 'yar waƙar da nake yi wa jarirai, har ya yi ɗumin da hannu ke iya ɗauka da ƙyar. Na kwantar da shi a bakin kaskon, na koma gefe na naɗe hannuwana, don kowa ya ga ba ni ba ce.

Toka ta tashi. Ta tafi a hankali kamar an kira ta, ta lulluɓe kansa, ta lulluɓe gindinsa. Na gaba suka ja da baya suka taka na baya. Wuƙar Sarkin Aska ta tsaya a kan dutsen wasawa.

Korau ya tambaye ni, da muryar da ta ƙara sanyi, mene ne wannan. Na ce ni baƙuwa ce, a bar ni kawai. Jatau ya ce in faɗa. Na sunkuyar da kai.

"Makoki yake yi, ranku ya daɗe. Ya ji shawarar da kuka yanke. Ɗan da ya shafa toka ranar sunansa, in aska ta taɓa shi, ubansa na gaskiya ba ya ganin wata safiyar. Wanda ba ubansa ba kuwa ba abin da zai same shi, ko ciwon kai."

Korau ya riga kowa tashi, ya ce ba mai taɓa ɗan nan da aska yana raye. Jatau ya ture fadawansa ya fito, ya ce wansa ya zauna, me ya dame shi, ai ba ransa ake magana a kai ba, shi Jatau ne za a kashe. Suka isa kan Sarkin Aska tare, ɗaya ya riƙe wuyan rigarsa, ɗaya ya riƙe gemunsa, kowanne yana rantsuwa cewa ɗan'uwansa ne ya saye shi don ya hallaka shi. Tsofaffin garin sun ce tun rasuwar mahaifinsu ba a ga sun kama abu ɗaya tare ba sai ran nan.

Aka yanka ragunan gida biyu, aka raɗa wa ɗan suna biyu, aka kwantar da shi a kan auduga a wani ɗaki mai ƙofa biyu. Gadon sarauta kuwa aka sa masa matashi a tsakiya.

Saura hannuna. Kafin yamma kowane ɗayansu ya gane cewa muddin hannun nan yana cikin gari, ɗan'uwansa zai iya sa a cire shi a ɓoye, a wayi gari a tarar da shi a faifai a ƙofar gidansa, shi ke nan an gama shari'a. Sai Korau ya aiko dogarai su tsare hannun kada mutanen Jatau su taɓa shi. Jatau ya aiko nasa kada mutanen Korau su taɓa shi. In na fita, ɗaya yana riƙe masa laima, ɗaya yana masa fifita. Na ɗauki wuƙa zan yanka albasa, suka yi mini ca. Ni kaina ba wanda ya damu da ni, da zan faɗa rijiya hannun kawai za su riƙe. Daga ƙarshe gidajen biyu suka yi shawara ta bakin manzanni, suka ga babu kwanciyar hankali sai an fitar da hannun daga ƙasar, a kai shi inda ba mai iya ɗauko shi. Tun da kuwa ba a iya raba shi da ni ba, dole aka haɗa da ni.

Da safen da za mu tashi, an ɗaura wa jakina kaya, sai ga Tabawa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce Yalwa tun jiya take fama, ɗan ya zo a gicciye, ita ta san abin da za a yi amma hannu ɗaya ba ya juya ɗa.

Shugaban dogaran Korau ya ce ba zai yiwu a sa hannun da ya karɓi ɗan Gimbiya a aikin sauke kaya ba. Na Jatau ya ce karo na farko ke nan da ya yarda da shi. Na zaro askata, na ɗora a kan ƙaramin yatsana, na ce zan cire shi yanzu in wurga ta katangar gidan ɗaya daga cikin iyayengijinsu, su zaɓa mini wanne. Suka raka ni har ƙofar ɗakin Yalwa, suka tsaya a waje da laimarsu.

Aikin ya yi wuya, ba zan ɓoye ba. Na dutse wasa ne a kansa. Amma kafin rana ta karkata na juya jaririyar, ta fito, mace ce, baƙa sitik, da murya kamar ta mai tallan kifi. Ba tambari, ba guɗa. Na yanke cibiya, na ɗora kaskona a kan garwashi. Toka ba ta tashi ba, ta zauna a inda Allah ya ajiye ta.

Mun kai bakin filin baƙaƙen duwatsu, dogarai suna cajin kayana kada in fita da ko ɗan rakiya guda, sai na ji ana kirana. Tabawa ce tafe tana haki. Akuya ɗaya gare ta a duniya, na san ta, mai baƙin kunne. Ta ɗauko faifan kaba a kanta, ta sauke, sai ga hannun akuyar tun daga kafaɗa, ba a rage ko tsoka ba.

"Ga hannun ungozoma," in ji ta, "irin na garinku."

Ta miƙo mini da hagu. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu.

Shi ne duk dukiyar da na samo a Zarmandu, kuma na cinye shi kafin in kai Birnin Falle.

Na iso Kwarin Ɗinya ana wani suna. Tun daga nesa na ji tsakin da na sani. Bagudu ne a bakin zaure, gabansa kuwa Cima ce, wadda ta riƙe aikina bayan tafiyata, da ƙunshin ganye a hannunta. Da ya gan ni ya dubi damata, ya dubi haguna, ya tuna yana da fatauci a wani gefen. Na ja Cima bayan gida na gaya mata komai, tun daga furar har zuwa bangon Jatau. Ta saurara da ladabi. Sa'an nan ta dubi hannuwana biyu, ga sauran lallen Zarmandu bai gama fita daga na dama ba.

"Iya Marka, wanda ya ci ya ƙoshi ba ya rufe wa na baya tukunya."

Kafin sati ya zagayo ta ɗaura wa jakinta kaya. Na bi ta har bakin rafi ina ce mata ko ba komai ta tafi da kasko. Ta ce a ƙasar da ake cin abinci a faifan zinariya me za ta yi da fasasshen kasko. Na tura shi cikin kayanta ba ta gani ba.

Iyakar abin da ya same ni ke nan. Wanda ya ji ya gaskata, ya ƙirga yatsunsa ya gode wa Allah. Wanda bai gaskata ba, hanyar tana nan, kuma Bagudu ya iya kwatance.